Gidan Katako a Kan Kankare: Yadda Aka Ɗaure Wani Tsohon Gida a Napa Sau Uku Kafin Ya Kamu

Mafi yawan gidajen zama a jihar Kalifoniya ta Amurka da katako ake gina su. Kankare yana ƙasa ne kawai a matsayin harsashi, sauran duk katako ne da ƙusa. Katako ba shi da nauyi, kuma yana lanƙwasawa ya dawo, shi ya sa yake jure girgizar ƙasa fiye da bulo. Sai dai akwai layi guda da katakon da kankaren suke haɗuwa, kuma babu abin da ke riƙe su wuri ɗaya a nan sai ƙarfen da aka saka da gangan. Wannan nazari ya bi wani gida a garin Napa, arewa da San Faransisko, daga lokacin da aka gano ba a ɗaure yake ba har zuwa daren da ƙasa ta gwada aikin da aka yi masa.

## Gidan da yadda aka same shi

Gida ne mai hawa ɗaya, ginin shekarun 1920, faɗinsa ƙafa 28, tsawonsa ƙafa 40, wato kusan mita 8.5 da mita 12. Rufinsa mara nauyi ne, jikinsa na waje falankai ne da aka jera a kwance, sannan akwai bututun hayaƙi na bulo a gefe ɗaya.

Daga ƙasa zuwa sama ga yadda yake. Da farko harsashin kankare da ya zagaye gidan, babu rodi a cikinsa. A kansa an shimfiɗa katako a kwance, mai inci 2 da inci 6, na jan itacen da ake kira redwud, wanda maginan wancan zamani suka fi so saboda yana daɗewa bai ruɓe ba. Wannan shi ne katakon gindi. A kan katakon gindi an tsayar da gajerun katakai masu inci 2 da inci 4, tazarar inci 16 tsakaninsu, suka yi wani gajeren bango. A kan gajeren bangon ne katakan da ke ɗauke da daɓen gidan suka hau. Tsakanin ƙasa da daɓe akwai sarari da mutum zai iya shiga da rarrafe, inda bututun ruwa da na gas suke bi. Filin yana da ɗan gangare, don haka tsayin gajeren bangon ƙafa 3 ne a baya, a gaba kuwa bai kai ƙafa ɗaya ba.

Tsakanin katakon gindi da kankare babu bol ko ɗaya. Nauyin gidan ne kaɗai ya zaunar da shi. Haka gidaje da yawa da aka gina a jihar kafin 1940 suke, kuma muddin nauyi yana dannawa ƙasa ne kawai, ba a ganin aibinsa. Girgizar ƙasa kuwa ta gefe take zuwa. Harsashi yana tafiya tare da ƙasa, gidan yana so ya tsaya inda yake. A ce nauyin gida tan 30 ne, girgiza ta tura shi da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa: tan 10 ke nan a gefe, suna zuwa suna komawa sau da yawa cikin 'yan daƙiƙu. Ko dai katakon gindi ya zame daga kan kankare, ko gajeren bangon ya kishingiɗa ya kwanta, gidan ya faɗo a kansa.

## Bayan Oktoba 1989: bol na farko

Ranar 17 ga Oktoba 1989 girgizar Loma Prieta mai maki 6.9 ta afka wa yankin San Faransisko, mutum 63 suka rasu. A garuruwan Watsonville da Santa Cruz an ga tsofaffin gidajen katako sun sauka daga kan harsashinsu, jikinsu lafiya amma ba sa zaunuwa. Napa tana nesa da cibiyar girgizar, gidan bai yi komai ba, amma masu shi suka kira kafinta ya ɗaure shi.

Kafintan ya yi amfani da bol mai buɗe baki, mai kaurin rabin inci. Irin wannan bol ana huda rami ta cikin katakon gindi har cikin kankare, a buga shi, sannan a ɗaure noti. Yayin da notin yake jan bol ɗin sama, wani zobe da ke gindinsa yana buɗewa ya cije bangon ramin. Ya jera su tazarar ƙafa 6, kowanne da ƙaramar washa mai zagaye irin wadda take zuwa da bol daga shago. Ramin da ya huda a katako inci 3/4 ne, don bol ɗin ya wuce ba gardama. A gaban gidan da farkon gefunansa biyu, inda gajeren bangon ya yi ƙasa, injin huda bai samu wurin tsayawa ba, sai aka tsallake. Jimilla bol 16 aka saka, inda zagayen gidan mai ƙafa 136 yake buƙatar sama da 23 ko da a kan wannan tazarar. Uku daga ciki sun yi ta juyawa ba su cije ba, aka bar su haka. Gajeren bangon ba a taɓa shi ba.

## 3 ga Satumba 2000: gwaji na farko

Da ƙarfe 1:36 na dare girgiza mai maki 5.0 ta taso kusa da garin Yountville, arewa maso yamma da Napa. Ba babba ba ce, amma ƙasar cikin garin mai laushi ce, ta ƙara mata ƙarfi, bututun hayaƙi da dama suka zube.

A ƙarƙashin gidan an samu abu huɗu. Gajeren bangon baya ya karkata da kusan inci 3/4, ƙofar kicin ta daina rufuwa. Katakon gindi ya tsage a tsaye, a kan layin bol, a wuri biyu. A kusurwar arewa maso yamma gefen kankare ya ɓalle, bol ɗin ya fito tsirara. Gaban gidan, inda babu bol, ya gusa da kusan rabin inci, ana ganin sawun ƙura inda katakon yake a da.

Kowace ɓarna da dalilinta. Bol mai buɗe baki yana riƙo ne ta hanyar tura kankare waje, kuma tsohon kankare mara rodi, wanda aka kwaɓa da hannu da yashin kogi, ba ya jure wannan turi idan ramin yana kusa da gefe. Tun ranar da aka ɗaure notin kankaren kusurwar ya riga ya yi tsaga a ciki, girgizar ƙarasawa kawai ta yi. Ramin da ya fi bol faɗi da rubu'in inci kuma yana barin katako ya tafi kafin ya tarar da ƙarfe, sai ya buge shi da ƙarfi. Ƙa'ida ita ce ramin katako kada ya fi bol faɗi da fiye da inci 1/16. Idan ramuka sun yi faɗi, bol ɗin ba sa ɗaukar nauyi tare: wanda katako ya fara tararwa shi zai ɗauka shi kaɗai har ya tsaga katakon, sannan na gaba ya karɓa.

Gyaran da aka yi a lokacin na ido ne. An tura bangon ya miƙe, an buga falanki a karkace don tokare shi, an cike wurin da ya ɓalle da siminti, an shafe tsagar bututun hayaƙi.

## Bazarar 2004: sabon katako, tsohuwar ƙusa

Bututun da ke sauke ruwan rufi yana zubarwa ne dab da bangon arewa, ƙasa kuma ta taru a wurin har ta kusa taɓa katako. Mai duba gara ya soka sukudireba a katakon gindi na wannan ɓangare, ta shige kamar cikin burodi. Aka ɗaga bangon da jak, aka cire ƙafa 24 na ruɓaɓɓen redwud, aka sa sabon katako mai maganin hana ruɓewa.

A nan wani sauyi da ya faru a kasuwa ya shigo cikin lamarin. Shekaru da dama maganin da ake matsa wa katako a Amurka shi ne CCA, haɗin kuromiyom da jan ƙarfe da asanik. Saboda gubar asanik, daga 31 ga Disamba 2003 aka daina yin katakon CCA don yawancin ayyukan gidajen zama. Waɗanda suka maye gurbinsa, ACQ da CA, sun fi shi yawan jan ƙarfe, kuma babu kuromiyom ɗin da yake ɗan kare ƙarfe daga tsatsa. Katakon a ido iri ɗaya ne, kore-kore, a jere a wuri ɗaya a shago. Katakon ACQ aka saya, aka buga shi da ƙusoshin da aka saba: fararen ƙusoshi marasa rufi, da wasu masu siririn rufin tutiya na lantarki.

Tunda an shiga ƙarƙashin gidan, aka ce a ƙara da filawud, wato allon siraran katakai da aka manna rubi-rubi, a gajeren bango, domin a lokacin kowa ya ji cewa bol kaɗai ba ya isa. An sa allon filawud mai inci 3/8 a baya da gefuna, aka harba masa ƙusa da bindigar iska, tazarar kusan inci 8. Iskar bindigar ta yi yawa, kan ƙusoshin ya nutse ya fasa rubin farko na allon. Sannan akwai matsalar da tsofaffin gidaje suke yawan zuwa da ita: katakon gindi inci 6 ne, katakan da ke tsaye a kansa inci 4, don haka gindin ya fito ta ciki da inci 2. Allon ya sauko ya tsaya a kan wannan baki, aka buga shi a jikin tsayayyun katakai da na sama, gefensa na ƙasa kuwa babu abin da ya kama. Tsakanin saman gajeren bango da katakan daɓe ma ba a ƙara komai ba, sai tsofaffin ƙusoshin da aka buga a karkace tun ginin farko.

## 31 ga Disamba 2005 da shekarun da suka biyo

A jajibirin sabuwar shekara Kogin Napa ya yi ambaliya ya shiga unguwannin garin. Ruwa bai hau daɓen gidan ba, amma ya kwanta a ƙarƙashinsa na kwanaki, katakon gindi ya jiƙe sarai. Daga nan kowane lokacin sanyi, wanda shi ne daminar wannan yanki, ɓangaren arewa ba ya bushewa sai tsakiyar bazara.

Shekara huɗu bayan ambaliyar mai gyaran famfo ya shiga ya ga jan ruwa yana gangarowa daga kan ƙusoshi. Aka zaro goma daga sabon katakon don a gani. Sashen da ke cikin filawud lafiya yake, sashen da ke cikin katakon ACQ ya cinye, wasu sun koma kamar allura, biyu sun karye a bakin filaya. Ƙusoshin da aka zaro daga tsohon redwud a busasshen ɓangaren kudu ba su yi komai ba sai ɗan baƙi.

Abin da ke faruwa shi ne, idan katako mai wannan magani ya jiƙe, jan ƙarfen da ke cikinsa yana narkewa a cikin danshin, ya sauka a jikin ƙusa, ƙarfen ƙusar kuma ya riƙa narkewa a madadinsa, kamar yadda batir yake aiki. Idan danshin katako yana ƙasa da kashi 15 cikin ɗari abin ba ya wani tasiri. Da ya haura kashi 20 sai ya kama gudu. Awon da aka yi a bangon arewa ya wuce wannan. Bol ɗin su ma sun yi tsatsa, amma a sama-sama, domin ƙarfe mai kaurin rabin inci yana da abin da zai bayar. Shi ya sa ma dokar gini ta ƙasar ta yarda a sa bol mai rabin inci ko fiye ba tare da rufi ba. Ƙusa mai kaurin milimita 3 ba ta da wannan rarar.

## Aiki na uku: daga ruwa aka fara

Wannan karon an ɗauko injiniyan gini ya zana aikin, aka karɓi izini daga hukumar gari, jami'inta ya zo dubawa kafin a rufe komai. An dogara ne da babi na A3 na kundin gyaran tsofaffin gine-gine da ake amfani da shi a Amurka, wanda aka rubuta musamman don gidajen da gajeren bangonsu bai wuce ƙafa 4 ba, sai dai injiniyan ya tsaurara wasu wurare saboda raunin kankaren.

Ba a taɓa ƙarfe ba sai da aka gama da ruwa. An ƙara wa bututun ruwan rufi tsawo ya zubar nesa da bango. An kwashe ƙasar da ta taru har katakon gindi ya samu tazarar inci 8 daga ƙasa, aka gyara gangaren ya sauka da inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko. An shimfiɗa leda mai kauri a kan ƙasar ƙarƙashin gidan, aka buɗe tagogin iska da aka toshe. An jira har awon danshi ya sauko.

Sai kankare. An bi shi da guduma ana saurare, aka huda ramukan gwaji. Yawancinsa ya yi ƙarar lafiya. A kusurwar da ta ɓalle a 2000 kuwa injin yana shiga ba turjiya, garin da ke fitowa kamar toka. An tokare gidan, aka fasa ƙafa 10 na wannan wuri, aka zuba sabon kankare da rodi, aka dasa bol masu lanƙwasasshen gindi tun yana ɗanye, zurfin inci 7 kamar yadda doka ta tanada wa sabon gini.

A sauran wuraren da injin huda zai iya tsayawa an daina amfani da bol mai buɗe baki, aka koma sandar ƙarfe mai zare, kauri inci 5/8, da ake dasawa da gam ɗin ifoksi. Gam ba ya tura kankare waje, manne wa bangon ramin yake yi, shi ya sa ya dace da tsohon kankare da kuma ramin da ke kusa da gefe. Amma duk ƙarfinsa yana ga tsabtar ramin. An huda rami mai inci 3/4, zurfin inci 7, aka hure shi da iska mai ƙarfi tun daga ƙasansa, aka goge da buroshin waya mai girman ramin, aka sake hurewa, har ƙura ta daina fitowa. Ramin da aka bari da ƙura, gam ɗin ƙurar zai kama, sandar ta zaro kamar an zare takobi daga kube. Matsi na farko da ke fitowa daga bakin bututun gam ana zubar da shi, domin sinadaran biyu ba su gama gaurayuwa ba sai launin ya zama ɗaya. Ana cika ramin daga ƙasa zuwa sama don kada iska ta maƙale, a murza sandar a hankali tana shiga, a bar gam ya cike ɗan giɓin da ke tsakaninta da katako. Ba a ɗaure noti sai lokacin bushewa da ke rubuce a jikin kwalin ya cika, kuma cikin sanyi lokacin yana ƙaruwa.

Tazarar ƙafa 4 aka yi maimakon 6. Kowane guntun katakon gindi ya samu akalla biyu, kuma akwai ɗaya kusa da kowane ƙarshe, bai fi inci 12 daga bakin ba, bai kuma matso ƙasa da ninki bakwai na kaurin bol ɗin ba, don kada ya tsaga bakin. Jimilla 30.

Ƙananan washa masu zagaye duk an cire. A madadinsu an sa farantin ƙarfe mai kusurwa huɗu, inci 3 da inci 3, kaurinsa inci 0.229, kusan milimita 6. Wannan darasi ne daga girgizar Northridge ta 17 ga Janairu 1994 a Los Angeles, inda aka ga katakan gindi da yawa sun tsage a kan layin bol. Idan bango mai filawud ya sha turi, allon yana ɗaga gefe ɗaya na katakon gindi, bol yana danne tsakiyarsa, sai katakon ya lanƙwasa ta faɗinsa, ɓangaren da itace ya fi rauni, ya rabe biyu. Faffaɗan faranti yana danne katakon har kusa da gefen da ake ɗagawa, kuma ana so bakinsa ya zo cikin rabin inci daga gefen da allon yake.

A gaban gidan, inda aka tsallake a karon farko, an yi amfani da farantan gefe irin na kamfanin Simpson Strong-Tie, waɗanda aka ƙera don wurin da babu sarari a sama. Farantin yana kwanciya a jikin harsashi ta ciki: ƙasansa ana ɗaure shi da bol biyu da aka huda a kwance cikin kankare, samansa kuma da sukurori masu kauri a gefen katakon gindi. An sa 12.

Tsohon filawud an ɓamɓare shi duka. Tsakanin kowane tsayayyun katakai biyu an yanka guntun katako mai inci 2 da inci 4, aka kwantar da shi a kan katakon gindi aka kafe da ƙusa huɗu, domin gefen allon na ƙasa ya samu abin kamawa. An huda wa guntayen ramin gwaji kafin buga ƙusa, saboda gajeren katako yana saurin tsagewa. Sabon allon mai rubi biyar ne, kauri inci 15/32. Ƙusar ita ce mai lamba 8d ta asali, tsawo inci 2½, kauri inci 0.131, ba siririyar da ake sayarwa da wannan lambar ba. Tazarar inci 4 a duk gefuna huɗu, inci 12 a tsakiya, kowace ƙusa akalla inci 3/8 daga bakin allo, kanta daidai da fuskar allon ba tare da ya nutse ba. An rage iskar bindiga, abin da ya rage aka ƙarasa da hama. Tsakanin allo da allo an bar inci 1/8 don kumbura. A kowane gurbi an huda ramukan iska masu faɗin inci 3 aka rufe da raga, don danshi kada ya taru a bayan allon.

Babi na A3 na kundin yana neman a rufe da allo akalla kashi 40 cikin ɗari na tsawon kowane bango a gida mai hawa ɗaya mara nauyi, a fara daga kusurwoyi. Injiniyan ya ba gefuna masu ƙafa 40 allo na ƙafa 20 kowanne, bangon baya kuma ƙafa 16, takwas a kowace kusurwa. Da yake allunan dogaye ne a kan gajeren bango, nauyin gidan ya isa ya hana su tashi, don haka ba a buƙaci manyan ƙarafan da ke danne ƙarshen bango ba, sai a wuri guda kusa da ƙofar shiga ƙarƙashin gida, inda allon ya zama siriri. Nan aka sa ɗaya, jikinsa a ɗaure da tsayayyen katako ninki biyu, gindinsa a kan sanda mai zare da aka dasa da zurfi fiye da sauran.

Daga nan sai mahaɗar sama. An jera ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa kamar kusurwa, tazarar inci 16 a saman duk inda allo yake, suna haɗa saman gajeren bango da katakon da ya zagaye daɓe. Kowane rami a jikinsu an cike shi da gajeriyar ƙusa mai inci 1½ da kamfanin ya ƙayyade. Baƙin sukurun da ake ɗaure silin da shi ba ya shiga nan, yana da gautsi, karyewa yake yi maimakon ya lanƙwasa. Wanda ya taɓa ganin iskar farkon damina ta ɗauke rufin kwano ɗungurungum da katakansa a Kano ko Zinder, ginin bulo yana tsaye ƙalau, ya san irin wannan mahaɗa: abu biyu masu ƙarfi, tsakaninsu ƙusa 'yan kaɗan.

Duk ƙarfen da zai taɓa katakon ACQ an zaɓe shi da rufin tutiya mai kauri: ƙusoshi waɗanda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya bisa ma'aunin inganci na Amurka mai lamba ASTM A153, faranti da ƙarafan kusurwa masu lambar G185, wadda ta ninka ta G90 da aka saba da ita. Ƙarfe mara tsatsa ya fi, amma idan za a sa shi sai a sa faranti da ƙusa duka irinsa, domin haɗa shi da mai tutiya yana cinye tutiyar. Alminiyom ba ya kusantar wannan katako sam. A ƙarshe an ɗaure tankin ruwan zafi da bel biyu na ƙarfe a jikin bango, aka sa masa tiyon gas mai lanƙwasawa. Bututun hayaƙi na bulo an bar shi, kuɗi bai kai ba.

## 24 ga Agusta 2014

Da ƙarfe 3:20 na asuba girgiza mai maki 6.0 ta taso daga kudancin Napa, mafi girma a yankin tun bayan 1989. Mutum kusan 200 suka ji rauni. A tsofaffin unguwannin garin gidaje da dama masu gajeren bango sun karkata ko sun sauka daga harsashi, aka manna musu jar takarda, alamar ba a shiga.

Gidan bai gusa ba. Filastar cikin ɗakuna ta tsattsage, kayan kicin sun zube, saman bututun hayaƙi ya karye ya faɗo kan rufi. Jami'an dubawa suka manna masa takarda mai ruwan ɗorawa, wato a yi amfani da shi da taka-tsantsan, saboda bulon da ya rage a sama. A ƙarƙashi, katakon gindi bai tsage ba, babu sandar da ta motsa a raminta, kankare bai ɓalle ba. A kusurwoyin baya wasu ƙusoshin filawud sun ɗan karkata, kansu ya ɗan cije allon, wanda shi ne abin da ake so su yi: su lanƙwasa su sha ƙarfin. Gas bai yoyo ba. Ƙusoshin da aka zaro daga bangon arewa don gwaji sun fito da tutiyarsu.

## Hukunci

Aikin farko bai gaza don bol abu ne mara amfani ba. Ya gaza ne don an zaɓi irin da bai dace da kankaren ba, an faɗaɗa ramuka, an sa washar da ba ta danne komai, an kuma tsallake wurin da ya yi wuyar shiga, wanda nan ne gidan ya gusa. Ko da duk an yi daidai, da ba zai hana gajeren bangon karkata ba, domin bol katakon gindi kaɗai yake riƙewa.

Aiki na biyu ya fi haɗari, saboda ya yi kama da gyara. Duk wanda ya leƙa ya ga filawud da bol zai ce an gama. Amma allon da gefensa na ƙasa yake sake ba ya miƙa wa harsashi komai, ƙusar da kanta ya fasa allo ta rasa riƙonta, wadda tsatsa ta cinye kuma babu ita. Laifin tsatsar ma rabi ne na ƙusa, rabi na ruwan da aka bari yana zuba a gindin bango, domin ko tutiya mai kauri tana ƙarewa a katakon da ba ya bushewa.

Abin da ya bambanta aiki na uku shi ne an bi ƙarfin girgizar daga daɓe zuwa ƙasa, an tambayi kowace mahaɗa da me za ta miƙa shi ga ta gaba: daɓe zuwa saman bango ta ƙarafan kusurwa, saman bango zuwa gindi ta filawud da ƙusoshinsa, gindi zuwa kankare ta faranti da sanda, sanda zuwa kankare ta gam a rami mai tsabta. Duban jami'in hukuma kafin a rufe ya taimaka ƙwarai, tunda yawancin kurakuran nan da ido ake ganin su, kuma aiki biyun farko babu wanda ya duba su.

Girgizar 2014 mai matsakaicin ƙarfi ce kuma ba ta daɗe ba, don haka ba za a ce ta nuna iyakar abin da gidan zai ɗauka ba. Harsashinsa har yanzu tsohon kankare ne mara rodi a yawancin zagayensa. Barin bututun hayaƙi kuskure ne da aka san da shi tun 2000. Bayan girgizar an sauke shi har ƙasa, aka sa na ƙarfe mara nauyi, sannan aka canza takardar zuwa koriya. A duban da aka yi a lokacin an samu noti biyu a bangon arewa sun yi sako-sako, saboda sabon katakon ya bushe ya ɗan tsuke, aka ɗaure su da sufana har farantin ya zauna daram ba tare da ya nutse cikin katako ba.